Abin da Velusami Yake Sha a Baƙin Rago

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu na East Ham a London ya san Sornam, ko da gaisuwa ba ta taɓa haɗa su ba. Gajeruwa ce mai jiki, kullum da rigar sanyi a kan sari, zanen matan Indiya, da safa mai kauri cikin silifas, ran Juma'a kuma da furen yasmin ɗaure a ƙeya. Abu biyu aka san ta da su: iya girki da rashin yarda da mutane. Idan ka ce mata an tashi lafiya, sai ta leƙa taga tukuna ta tabbatar garin ya waye. Mai kantin kayan miya ba ya miƙa mata kwakwa ta karɓa haka nan. Sai ta girgiza ta a kunne, ta ƙwanƙwasa, sannan ta ƙura masa ido kamar shi ya shanye ruwan ciki.

Daga wani ƙauye kusa da Madurai a kudancin Indiya aka kawo ta tana amarya, ita da koren akwatin ƙarfe da dutsen niƙan da uwarta ta ba ta. Mijinta Velusami direban bas ne, dogo, mai sanyin magana, irin mutanen da ko ka taka musu ƙafa su ne za su ba ka haƙuri. A sanyin farko da ta gani a London, matan layin duk suna ta kukan ƙullun dosa, wato wainar shinkafarmu mai faɗi, ya ƙi tashi, wasu har sun haƙura sun koma cin burodi. Sornam ta naɗe tukunyarta da rigar sanyin mijin, ta cusa ta bayan tankin ruwan zafi, da safe ƙullu ya cika har yana tura murfi. Velusami ya tafi aiki ranar yana rawar ɗari, amma daga nan sunan matarsa ya fita.

Abin da ya sa girkinta ya zama abin magana shi ne ba ta ɗanɗanawa. Haka muka taso: abinci sai an fara ajiye shi gaban fitila da hoton abin bautarmu Murugan kafin kowa ya kai baki, wadda kuwa ta lasa daga tukunya, saura ta miƙa masa ke nan. Mata da yawa a nan sun sassauta, sukan ɗan lasa a ɓoye su goge baki. Ban da Sornam. Hancinta ne ma'auninta. Tana tsaye daga bakin ƙofa za ta ce maka miyar nan gishirinta bai ji ba, ko tsamiyar ta yi yawa, ka je ka ɗanɗana ka tarar haka ne. Shekara da shekaru ita ke riƙe da babban ludayi a kicin ɗin gidan bautarmu, babu wadda ta isa ta jefa ƙwayar masoro ba da izininta ba.

Wannan hancin ne kuma ya hana Velusami sakat a shekarun da ya lalace. A kwanar layin akwai wata tsohuwar mashaya, Baƙin Rago, inda direbobi ke biyawa idan an tashi daga aiki. Ya fara da rakiya, ya koma kofi ɗaya, ya koma sai an riƙo shi an kawo gida. Ko ya tauna kanumfari, ko ya ci ɗanyar albasa, tun yana matakala take jin warin. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi gaba, duk a banza. Sai ranar da ya faɗi a bakin ƙofa da 'yarsu Malar a kafaɗarsa, yarinyar ko tafiya ba ta fara ba. Washegari Sornam ta ja shi gidan bauta, ta kunna kafur, ta ce ya rantse. Ya kife tafin hannunsa a kan wutar ya kashe ta, kamar yadda ake yi idan rantsuwa ta kai rantsuwa, tabon yana nan a hannunsa na dama har yau. Ita ma ta yi tata a gaban mutane: ranar da ya sake kai giya bakinsa, ita da akwatinta sai Madurai, kuma ko gawarta ba zai gani ba. Ta ɗora akwatin a kan kabad, inda zai riƙa ganinsa kullum in ya buɗe ido. Duk wanda ya san Sornam ya san ba barazana take yi ba.

Bai sake ba kuwa. Maimakon hanyar mashaya, sai ya kama hanyar mai sayar da furanni, duk Juma'a ya kawo mata yasmin ɗin da ake saukewa daga jirgi. Malar ta girma ta yi aure a Leicester. Velusami ya yi ritaya. Ita kanta mashayar ta mutu, aka toshe tagoginta da katako, tattabaru suka gaje ta. Duk da haka Sornam ba ta wuce ta gabanta ba tare da ta tofar da yawu ba.

Ana nan sai wani magidanci ɗan garin Karaikudi na can gida mai suna Kadiresan ya karɓi wurin ya mai da shi gidan abinci. Hukuma ta ce ginin na tarihi ne, ba za a taɓa fuskarsa ba, don haka hoton baƙin ragon yana nan yana lilo a kan allonsa, a ƙarƙashinsa an rubuta sabon suna da harshenmu wanda babu mai kiran wurin da shi. Kowa Baƙin Rago yake cewa. Mutane suka yi ta tururuwa, ana ta yabon dosar wurin. Sornam ta taɓe baki. "Gidan giya gidan giya ne," in ji ta, "ko da ruwan kogin Kaveri mai tsarki aka wanke shi. Ku je ku leƙa bayan kantar nan ku ga abin da ke ɓoye."

A wannan shekarar ce duniya ta lalace a idon Sornam. Bayan zazzaɓin nan da ya kulle kowa a gida, ita ma ta yi jinyarta ta tashi, sai ta tarar 'yan kasuwa sun daina jin kunya. Masoro ya zama kamar tsakuwa, tsamiya ba tsami, gishiri ma an gauraya shi da wani abu don ba ya kama miya. Ta canja kanti, ta sake canjawa, duk bakinsu ɗaya. To me za ta yi? Sai ta riƙa ƙara hannu, inda take zuba cokali ɗaya ta zuba biyu, ta zuba uku. Ƙullu kuma takan bar shi ya ƙara kwana, tunda ba ta ji tsaminsa ya fito ba. Har yasmin ɗin Juma'a an fara kawo na bogi marar ƙanshi. Ta aiki Velusami ya mayar, ya dawo da wani, shi ma haka. A gidan bauta kuma matan kwamiti suka zo mata da daɗin baki, wai ta wahala, ta huta haka nan, ta koma ɗaurin furanni. Suka miƙa ludayin ga maƙwabciyarta Kanakam. Sornam kuwa ta san wadda ta ƙulla mata.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne tumbin Velusami.

Mutumin da a da sai ta ce masa ya isa haka kafin ya ɗaga hannu daga faranti, yanzu dosa ɗaya yake ci, yana bin kowace loma da ruwa, ya ce likita ne ya ce ya rage ci. Ta yi kamar ta yarda. Amma mai rage ci ramewa yake yi, shi kuwa wandonsa sai ƙara matsewa yake, har ta kama shi yana ƙara huji a bel da tsinin almakashi. Ga sabuwar ɗabi'a: kullum da hantsi ya ɗauki hula ya ce zai je motsa ƙafa, ya dawo rana ta raba, fuska a sake, yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ta san wannan waƙar. Tumbin ma ta taɓa ganin irinsa.

"Wannan cikin fa?" ta tambaye shi wata rana yana fama da ɗaurin takalmi.

"Wane ciki?"

"Wanda ya hana ka ganin ƙafarka. Wata nawa ne?"

"Iska ce, Sornam. Tsufa ne."

"Iskar ce take huda bel?"

Ya yi dariyar yaƙe ya ce ana jiransa, ya fice. Wa ke jiran mai ritaya? Ƙofar da ya rufe ta tambaya.

Sai ta fara shinshina shi. Idan ya shigo ta matso kamar za ta gyara masa wuyan riga, ta ja numfashi. Babu komai. Ya shiga wanka ta ɗauki rigar ta cusa hanci a ciki. Babu komai, ko warin gumi. Wata za ta ce ai shi ke nan, hankali ya kwanta. Ita kuwa nan ne zarginta ya ƙara ƙarfi. Mutum ya yi ta yawo tun hantsi a ce rigarsa ba ta warin komai? Wato tsohon ya koyi dabara ke nan. Ta taɓa ji ana cewa akwai wata farar giya ta Rashawa wadda ba ta wari.

Kanakam ce ta ƙarasa aikin. Sun haɗu ta kan katangar bayan gida, kowacce tana shanya.

"Akka," in ji Kanakam, wato yaya, don Sornam ta girme ta, "jiya na ga maigidanki ya yi fes, har kumatu ya ajiye. Lallai Baƙin..." Sai ta haɗiye sauran.

"Baƙin me?"

"Ba komai. Cewa na yi yau rana ta fito."

"Kanakam, ludayi kin ƙwace na ƙyale ki. Kada ki haɗa da raina mini hankali. A ina kika gan shi?"

"Ni fa ban ga kowa ba. Wucewa nake yi na ga wani mai irin hularsa ya shiga ta ƙofar gefe. Hula kuwa wa ba shi da ita?"

"Ƙofar gefe."

"Akka, don girman Murugan kada ki ce ni na faɗa. Ai abinci ake sayarwa a wurin yanzu."

"Abinci? Mutuwa na yi da zai je cin abincin waje?"

Kanakam ta kwashi kwandonta ta shige gida da rabin wanki ba a shanya ba.

Sornam ta kira 'yarta a waya. "Ubanki ya koma gidan jiya," ta ce. Malar ba ta yi ko mamaki ba, kamar wadda ta riga ta sani, sai ta ce, "Mama, ki bar shi mana, tsoho ne, ɗan fita kawai yake yi. Na rantse miki ba abin da kike zato ba ne."

"To mene ne?"

"Ki bari in zo hutu mu zauna mu yi magana."

Sornam ta kashe wayar. Ashe har da 'yar cikinta a ciki.

Ta hau kujera ta sauko da akwatin. Ta goge ƙurar da ta taru a kai, ta jera sarinta na kirki a ciki, ta ajiye shi bayan ƙofar falo. Ba Madurai take so ba. Uwarta ta rasu, gidan ma an sayar, babu wanda ya rage mata can sai wani ƙane da ba sa shiri. Kuma mutumin nan, duk da sanyin jikinsa da ke ba ta haushi, ba ta san yadda ake zama a gidan da babu tarinsa da jan silifas ɗinsa ba. Amma rantsuwa ta yi a gaban wuta. Abu ɗaya ne ya rage: ba za ta yanke hukunci a kan maganar Kanakam ba, sai ta gani da idonta.

Ran Juma'a Velusami ya kawo yasmin da sassafe kamar kullum, ta karɓa ta ɗaura ba ta dube shi ba. Ta ce za ta gidan bauta. Ta zagaya ta bayan layi, ta tsaya a gaban ragon, ta dube shi ya dube ta, sannan ta tura ƙofar wurin da ta fi shekara talatin tana tofa wa yawu.

Ciki duhu-duhu, rufi ƙasa-ƙasa, baƙin katako ko'ina. Doguwar kantar nan tana nan, har da hannayen famfunan giya na tagulla a jere, an goge su suna ƙyalli, an rataya wa ɗaya lemun tsami da barkono na maganin kambun baka. Inda ake jera kwalaben giya a da, yanzu kwalaben yaji ne da na tsamiya. Allon da masu shan giya ke jifa da ƙananan kibau yana bango, kusa da hoton Lakshmi, allahiyar arziki, da fitilarta. Teburori a cike da ma'aikatan jinya 'yan Kerala, da ɗalibai, da wasu tsofaffin Turawa da kana ganinsu ka san kujerun nan nasu ne tun zamanin giya. Sornam ta buɗe hanci ta ja iska. Wurin da aka yi shekaru ana zubar da giya a ƙasa, wurin da ake cewa ana soye-soye, a ce ba ya warin komai? Lallai akwai abin da ake fesawa.

Kadiresan ya hango ta, sai da tiren hannunsa ya kusa suɓucewa. Ya san ta. Wa bai san ta ba? Ya tare ta da kiran girmamawar da muke yi wa babbar uwa.

"Periyamma! Yau ke ce a wurinmu? Shigo, shigo, ga wuri kusa da taga."

"Ba na son taga. Can." Ta nuna wani lungu da aka kare da katako da gilashi mai hazo, inda za ta hango kantar da ƙofar gefe ba tare da an gan ta ba. "Famfunan nan suna aiki?"

"Haba Periyamma, ado ne kawai. Ko ruwa ba sa kawowa."

"Haka za ka ce mana. Kawo abin da kake ba mutane."

Juma'a ranar zuba abinci a ganyen ayaba ce. Ya shimfiɗa mata da hannunsa, ta yayyafa ruwa ta goge, ta juya bayan ganyen ta duba ko na roba ne. Aka zuba shinkafa da miyar sambar, da kabeji mai kwakwa, da wake, da yaji a gefe, ya ƙara mata dosa guda wai ta gwada hannunsu. A ido dai ba ta sami abin kushewa ba, hakan ya ba ta haushi. Ta cuɗa da yatsu ta kai baki. Lami. Ta gwada kabejin, lami. Dosar tana ƙaras-ƙaras a haƙori, amma da ita da takarda duk ɗaya. To ga shi nan, zancenta ya fito. Wa zai cika wurin nan saboda wannan abincin? Rufa-ido ne kawai, abin da ke kawo su yana bayan kantar. Ta kama ganyen da rabin abinci a kai ta naɗe shi ta tura gaba, nesa da jikinta, yadda ake yi a gidan makoki. Kadiresan ya gani daga nesa, ya kau da kai.

Ba a daɗe ba ƙofar gefe ta buɗe. Hular ce ta fara shigowa. Velusami ya waiga dama da hagu irin na marar gaskiya, ya wuce teburori, ya je ya hau doguwar kujera a ƙarshen kantar. Kadiresan ya yi ta yi masa alama da ido, da gira, har da haɓa, tsohon bai lura ba. Yatsa ɗaya kawai ya ɗaga. Ba a tambaye shi me yake so ba. Wani ma'aikaci ya sunkuya bayan kantar ya ɗago da kofin silba ya dire masa. Velusami ya riƙe da hannu biyu, ya kurɓa, ya lumshe ido, ya saki wata doguwar ajiyar zuciya.

Wannan ajiyar zuciyar ce ta tunzura ta. Rabon da ta ji ya yi irinta a gida har ta manta. Ba ta san lokacin da ta tashi ba, sai ganinta aka yi a gabansa, ta fizge kofin har ya fantsama a kan katako.

"Motsa ƙafar ke nan?"

"Sornam!" Ya kusa faɗowa daga kujera.

"Buɗe hannunka. Buɗe! Nuna wa mutane tabon. Ka kashe wuta da hannun nan, yau ga shi kana ɗaga kofi da shi."

"Ki tsaya ki ji, ba abin da..."

"Ba abin da nake zato ba ne, na sani, 'yarka ta riga ta karanta mini." Ta kai kofin hanci ta ja da ƙarfi. "Ba wari. Ta Rashawan ce ko? Kai kuma," ta juya ga Kadiresan, "ka rataye Lakshmi a bango kana shayar da tsofaffin mutane a kofin silba. Ko kunya ba ka ji?"

Hannayen masu cin abinci suka tsaya a kan ganye. Kadiresan ya ce a hankali, "Periyamma, ki duba cikin kofin."

Ta duba, don ta ƙara samun abin faɗa. Sai yanzu ta lura kofin da zafi a hannunta, tururi yana tashi yana dukan fuskarta. Ruwa ne ja-ja da ɗigon mai a sama, ga ƙwayoyin mastad baƙaƙe suna yawo, ga ganyen kori, ga dakakkiyar tafarnuwa da ɓawonta. Rasam ne, romon tsamiya da masoro, wanda ta fi shekara arba'in tana dafawa, wanda idan aka ɗora shi a gida ɗaya sai layi duka ya sani. Ta sake kai hanci, a hankali wannan karon, har tururin ya jiƙa mata leɓe. Ta ɗaga kofin sama ta tsiyaya kaɗan a baki ba tare da ya taɓa leɓenta ba. Ruwan zafi ta ji, da ɗan raɗaɗi can a maƙogwaro.

"Wannan ai ruwan wanke tukunya ne," ta ce, amma muryar ta yi ƙasa. "Ba gishiri, ba tsami."

Wata ma'aikaciyar jinya ta sunkuyar da kai. Velusami yana kallon tafin hannunsa.

"Naki ne, Periyamma," in ji Kadiresan. "Ranar da ya fara zuwa, ya kurɓi namu ya ture, ya ce wannan ba rasam ba ne. Ya shiga har kicin ya tsaya a kan mai girkina. A ƙara masoro, a rage tumatir, a daka tafarnuwa da ɓawonta, kada a bari ya tafasa, da ya yi kumfa a sauke. Sai da ya kusa kora mini mai girki. Ranar da ya ce ya ɗan yi kama da na gida, ranar muka fara sayar da shi. Yanzu ya fi komai tafiya."

"Na gida," ta maimaita. "To na gidan me ya same shi?"

Ta dubi mijinta, ya ƙi ɗagowa. Sai hannunta ya tafi ƙeya da kansa. Ta zare yasmin ɗin da ya kawo da safe, ta murje shi a tafin hannu, ta rufe hancinta da shi, ta ja numfashi har ƙirjinta ya cika. Sanyin furen kawai ta ji. Nan take abubuwa suka riƙa zuwa mata ɗaya bayan ɗaya: masu kantin da ta zazzaga, gishirin da take ƙarawa, ƙullun da take bari ya ƙara kwana, matan gidan bauta da daɗin bakinsu, ruwan da yake bin kowace loma da shi. Layi guda ya sani, har Leicester an sani, ita kaɗai ce take yawo tana neman ɓarawo.

"Tun yaushe?" ta tambaya.

"Tun zazzaɓin nan."

"Kuma kake ci."

"Ina ci mana. Kaɗan dai."

"Bakinka ciwo yake yi da ba za ka faɗa mini ba?"

Sai a lokacin ya ɗago. "Wa zai faɗa miki, Sornam? Malar ta ce ni in faɗa, na ce ita ta faɗa. Matan gidan bauta taro guda suka yi a kan wadda za ta faɗa, aka rasa. Ni kuma na ga yadda kika yi kwanaki ba ki magana da aka karɓe miki ludayi. Na ce in na karɓe miki na gida kuma, me ya rage miki?"

Da giya ta samu a kofin, da ta san abin yi, akwati yana shirye. Wannan kuwa ba ta tanadi komai dominsa ba. Kunya ta rufe ta, da haushi, da wani tausayin tsohon da ba ta so ta ji a gaban mutane. Ta dire kofin a gabansa. "Shanye, kada ya huce." Ta juya za ta fita, sai ta hango ganyenta a lungu, naɗe irin na makoki. Ta koma ta tsaya a kansa, ta buɗe shi, ta sake naɗewa ta janyo wajen jikinta. Ba a yin haka, ganye sau ɗaya ake naɗe shi, amma babu wanda ya ce mata komai.

Washegari da hantsi Velusami ya ɗauki hula ya tsaya a falo yana juya ta a hannu, bai san ko fita zai yi ko zama ba. Akwatin yana nan bayan ƙofa, ba ta mayar ba. Daga kicin yana jin ƙarar mastad yana fashewa a mai. Sai ta kira shi yadda take kiransa tun tana amarya, don ba ta taɓa faɗin sunansa ba.

"Kai, kana ji? Zo nan."

Ya je ya tsaya a bakin ƙofar kicin, iyakarsa ke nan tun da aka kawo ta.

"Shigo ciki. Ba cizo nake ba."

Ta juya wajen lungun fitila ta haɗa hannu. "Kai ma ka yi ta shan gishiri ka yi shiru kamar sauran," ta ce wa Murugan. "To daga yau saura za ka ci, sai ka yi haƙuri." Ta ɗebo rasam a ludayi ta hura. "Miƙo hannu."

Ya miƙo na dama, ta tsiyaya masa a tafin, daidai kan tabon. Ya kurɓa. Ta matso ta ƙura masa ido, irin kallon da take yi wa mai kwakwa.

"Ka yi mini ƙarya, akwati yana bayan ƙofa."

Ya motsa baki, ya haɗiye, idonsa ya kawo ruwa. Ya dubi ƙofa, ya dubi matarsa.

"Gishiri ya yi yawa."

"Sosai?"

"Sosai."

Tun da ta fara ɗora tukunya babu mahalukin da ya taɓa faɗa mata haka.

"Ƙarya kake yi," in ji ta. Ta ɗauko butar ruwan zafi ta ƙara a tukunya, ta juya. "Ajiye hular nan. Miƙo hannu kuma."